Bishop Samuel Ajayi Crowther: Yaron da Aka Musanya da Doki

A wannan fitowa za mu waiwayi wani mutum ne wanda kusan dukkanmu mun haddace sunansa a aji, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san irin wuyar da ya sha. Abin da muka haddace saboda jarrabawa bai wuce layi guda ba: Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a Cocin Angilika, 1864. Da ka rubuta haka sai a ba ka maki ka wuce. Ni dai sai da na ga jiya na ga yau sannan na gane cewa naɗin nan na 1864 shi ne wuri mafi sauƙi a labarinsa. Abin da ya zo kafinsa da abin da ya biyo bayansa su ne suka cancanci a zauna a ji, musamman ga wanda duniya ta juya wa baya a 'yan shekarun nan, ko ta wajen aiki, ko ta wajen lafiya, ko ta rashin wani nasa.

An haifi Ajayi wajen 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarbawa, a yankin da yake cikin Jihar Oyo yanzu. Zamanin kuwa na rikici ne, daular Oyo tana rushewa, yaƙi ya zama sana'a, kamun bayi ya zama hanyar samun kuɗi. Wata safiya a farkon 1821, mata suna cikin haɗa abin karin kumallo, sai mayaƙa suka kewaye garin. Mahaifin Ajayi ya shigo gida a gurguje ya ce wa iyalinsa su gudu, ya koma bakin daga, daga ranar ba su sake ganinsa ba. Ba su yi nisa ba aka kama yaron tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, ɗaya ma jaririya ce, aka zura musu igiya a wuya, aka tasa ƙeyarsu suna waiwayen garinsu yana cin wuta. Shekarunsa a lokacin ba su wuce 12 ko 13 ba.

Da aka zo rabon ganima aka raba shi da uwarsa. Wanda ya same shi bai ɓata lokaci ba ya ba da shi aka ba shi doki. Bayan kamar wata biyu dokin bai gamshi mai shi ba, sai aka warware cinikin, aka mayar da doki aka karɓo yaro. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan: ɗan Adam da dabba a kan sikeli ɗaya, har ana jayayya a kan wanda aka cuta a cinikin. Wannan komowa ta sa ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa na 'yan watanni, sannan wata rana aka ɗauke shi ba sallama aka kai shi kasuwar Ijaye aka sayar. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, wani ya saye shi da taba, wani da giya, kullum ana ƙara kusantar teku. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa tsoron a sayar da shi ga Turawan Fotugal ya sa ya yi yunƙurin shaƙe kansa da ɗamararsa fiye da sau ɗaya, abin bai yiwu ba. Na ambaci wannan ne don kada wani ya ɗauka an haife shi da zuciyar dutse. Yaro ne da ya kai ga fid da rai gaba ɗaya.

Waɗanda suka kama shi mayaƙan Oyo ne da Fulani, Musulmi. Waɗanda suka saye shi a Ikko, suka sa masa sarƙa a wuya, Turawan Fotugal ne masu amsa sunan Kirista. Cinikin bayi bai bar wa kowa bakin magana ba. Ranar 7 ga Afrilu 1822 aka loda shi cikin wani jirgi tare da bayi fiye da 180 za a haye teku da su. Kafin jirgin ya yi nisa sai jiragen yaƙin Ingila masu farautar masu fataucin bayi suka tare shi. Ɗaya daga cikinsu sunansa Myrmidon, kyaftin ɗinsa kuma Henry Leeke. A riƙe wannan suna, zai sake fitowa. Yaran ba su san an cece su ba ne, sun ɗauka sun faɗa hannun waɗanda suka fi na farko mugunta. Da suka ga naman alade a rataye da tulin harsasan igwa a kan jirgin, sai suka ɗauka naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Sai da suka lura da kofato a jikin naman, suka taɓa harsasan suka ji ƙarfe ne, sannan hankalinsu ya kwanta.

A watan Yuni 1822 aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda Ingila take zaunar da 'yantattun bayi. Aka kai Ajayi ƙauyen Bathurst hannun 'yan mishan na ƙungiyar CMS. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. Da aka buɗe Kwalejin Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a rajista. Ya zama malamin makaranta, ya auri wata 'yantacciyar baiwa irinsa mai suna Asano, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan, suka zauna tare shekara 50 da ɗoriya. Da ya zo ba da labarin kansa a rubuce a 1837, bai ɓoye ɗacin ranar da aka kama shi ba, amma ya ɗauke ta kuma a matsayin ranar da Allah ya buɗe masa wata hanya da bai san da ita ba. Duk wanda ya san labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ko daga wane littafi ya san shi, zai gane irin wannan karatu na ƙaddara. Wannan fahimta ita ce sandar da ya dogara da ita har tsufansa.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jirage uku su hau Kogin Kwara don ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da buɗe hanyar kasuwanci. CMS ta sa mutum biyu a cikin tafiyar, wani Bajamushe mai suna J. F. Schön da Crowther, wanda ya ɗan koyi Hausa saboda wannan tafiya. (Schön ɗin nan shi ne daga baya ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876.) Tafiyar ta ƙare da makoki, domin zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. Abin da CMS ta koya shi ne, in dai ana son aiki ya zauna a wannan ƙasa, to 'ya'yan ƙasar ne za su yi shi. Aka kira Crowther Landan, aka naɗa shi limamin coci a 1843, aka haɗa shi da waɗanda za su buɗe aiki a ƙasar Yarbawa. Sun sauka Badagiri a 1845, suka isa Abekuta a watan Agusta 1846.

A nan ne abin da ya fi taɓa ni a duk tarihinsa ya faru. Bai cika wata guda a Abekuta ba sai labari ya zo cewa mahaifiyarsa, Afala, tana da rai a wani gari kusa. Ranar 21 ga Agusta 1846 aka kawo ta. Shekara 25 ke nan rabonsu da juna. Ta rabu da yaro mai igiya a wuya, ga shi yau magidanci mai 'ya'ya cikin tufafin limami. Da ta gan shi jikinta ya ɗauki rawa, suka riƙe juna ba mai iya magana, hawaye yana zuba, mutane sun taru suna kallo. Da bakinta ya buɗe, sai ta kira shi da sunayen da kakarsa take kiransa da su yana ƙarami. Ita ma ta sha bauta, an fanshe ta, ta tsufa tana neman ɗanta. Daga baya ya fanshi ƙannensa mata da yaƙi ya sake rutsawa da su. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma, aka sa mata suna Hannatu, wato sunan uwar Sama'ila na cikin Littafi Mai Tsarki, tun da ɗanta Samuel ne. Ta rayu har 1883.

Shekarun da suka biyo baya na aiki ne ba hutu. A 1851 ya gana da Sarauniya Biktoriya a fadarta ta Windsor, ya bayyana mata halin da cinikin bayi yake ciki a Ikko, har ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci. A 1854 ya bi Dokta Baikie suka hau Kwara da Binuwai; a wannan karo an yi amfani da kwinin, ba wanda ya mutu. A 1857 suka sake fita cikin jirgin Dayspring, ya ajiye ma'aikata a Anaca da Gbebe, amma da suka kai Jabba jirgin ya daki dutse ya lalace. Suka yi zaman dole a bakin kogi wajen shekara guda kafin wani jirgi ya zo. Wani zai zauna ne yana ƙirga kwanaki yana zargin matuƙi. Crowther ya mayar da wurin makaranta, ya dinga zama da masu kwalekwale da fatake yana rubuta kalmomin Nufanci, ya je Raba ya gaida manya. Daga wannan zama ne littafin koyon Nufanci na 1860 da nahawunsa na 1864 suka samo tushe.

Ga wata hasara kuma da masu rubutu da malamai za su fi jin zafinta. A watan Disamba 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko. Kayan sawa da na ɗaki ba su dame shi ba kamar takardunsa: fassarar mafi yawan littattafan Musa zuwa Yarbanci da ya riga ya gama da hannu, da tarin kalmomi da karin maganar Yarbawa da ya shekara 11 yana tsinta daga bakin tsofaffi. Yana da ɗabi'ar yawo da takarda a aljihu, duk inda ya ji kalma mai daɗi sai ya rubuta. Ba injin kwafi, ba wani wuri da aka ajiye na biyu. Dare ɗaya komai ya zama toka. Ya yi baƙin ciki, ya faɗa wa abokansa a wasiƙa, sannan ya ɗauki alƙalami ya koma farko. Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, wanda shi ne jagoran fassararsa, ya kammala a tsakiyar shekarun 1880, kuma irin rubutun Yarbanci da shi da abokan aikinsa suka daidaita, da alamomin karin sauti a kan wasula, shi ne tushen wanda ake amfani da shi har yau.

Sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, mutum ne da ya yi imani cewa coci a Afirka dole ta tsaya da ƙafarta, ta ciyar da kanta, ta mulki kanta. Shi ya dage sai an naɗa Crowther bishop, ko da yake Crowther ɗin ya yi ta nonnoƙewa, wasu Turawan mishan kuma, irin su Henry Townsend na Abekuta, suka nuna ƙin amincewa a fili. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babbar majami'ar Kantabari, Jami'ar Okisfod ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Cikin taron akwai wani tsohon hafsan sojan ruwa, Henry Leeke, wanda ya ciro shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce, da wata tsohuwa, matar marigayi Bishop Weeks, wadda ta koya masa baƙi da wasali a Saliyo. Malamanmu da ke karanta wannan sun san abin da tsohuwar ta ji a ranar fiye da yadda zan iya faɗa. Sai dai naɗin ya zo da ƙulli a ciki: an ba shi ƙasashen da ke wajen mulkin Sarauniya, amma ba a sa Turawan mishan da ke ƙasar Yarbawa a ƙarƙashinsa ba. Bayarabe ne, gwanin Yarbanci, amma aka tura shi Kwara, inda shi ma baƙo ne.

Ya karɓa haka. Da ma'aikata 'yan Afirka, galibinsu daga Saliyo, da kuɗi ƙalilan, ba shi da jirgin kansa sai ya jira na 'yan kasuwa, ya kafa tashoshi daga Bonny da Brass a bakin teku har Lakwaja da Kipo a ƙasar Nufe. Makarantar da aka buɗe a Lakwaja a 1865 ita ake ɗauka makarantar firamare ta farko a Arewacin Nijeriya. A Bonny mabiyansa na farko yawanci bayi ne, kuma sun sha azaba a hannun iyayengijinsu. A 1875 aka kashe ɗayansu, Joshua Hart, aka jefa shi a ruwa saboda ya ƙi cin abin da aka yanka wa gumaka. Ba abin mamaki ba ne bayi su saurari Crowther. Mai yi musu wa'azin haƙuri ya san nauyin sarƙa a wuyansa, ba a littafi ya karanta ba.

A 1867 ma an sake kama shi. Wani basarake mai suna Abokko, a yankin Idah, ya tsare shi da ɗansa Dandeson, ya ƙwace kayansu, ya ce sai an biya fam 1,000 kafin ya sake shi. Bishop ya ƙi yarda a yi cinikinsa. Wanda aka taɓa sayarwa da taba da giya ba zai yarda a sake sa masa farashi ba, kuma ya san in aka biya sau ɗaya, kowane ma'aikacin mishan ya zama haja a bakin kogin. Mataimakin jakadan Ingila a Lakwaja, William Fell, ya zo da jirgi, shi ma ya ƙi biya. Suka ruga zuwa kwalekwale ana yi musu ruwan kibau. Crowther da ɗansa suka tsira, amma kibiya mai dafi ta sami Fell, ya mutu. Wannan mutuwa ta zauna wa bishop a rai.

Akwai wani gefe na halinsa da ya kamata a sani a ƙasa irin tamu. Ganin yadda aka kama shi, da ya riƙe Musulmi a zuci da ba wanda zai yi mamaki. Bai yi haka ba. Ya yi hulɗar mutunci da Etsu Nufe Masaba a Bida, yana kai ziyara, yana ba sarakuna da malamai kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, kuma ya hori ma'aikatansa su guji zagi da gardamar da ba ta da amfani. A 1872, a kan hanyarsa ta ƙasa zuwa Ikko, ya tsaya a fadar Sarkin Ilori, aka yi masa tambayoyi a kan Yesu ɗan Maryamu a gaban malamai. Maimakon ya yi musu, sai ya riƙa buɗe littafinsa yana karanta musu wurin da ya amsa tambayar, kamar inda mala'ika Jibrilu ya zo wa Maryamu da albishir. Ba wanda ya bar addininsa a ranar, amma an rabu da girma da arziki. A shekarun 1880 kuma Etsu Maliki na Bida ya aiko da wasiƙa a kai wa Crowther, yana kiransa uba, yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniyar Ingila a hana shigo da giyar Turawa ƙasar Nufe. Kalmar da ya yi ta nanatawa a wasiƙar ita ce barasa. Sarki Musulmi ya rasa wanda zai amince wa da wannan saƙo sai bishop na Kirista, kuma bishop ya isar da shi.

To, jama'a, yanzu mun zo inda littafinmu na aji ya yi shiru. Henry Venn ya rasu a 1873, zamani kuma ya juya. Kwinin ya sa Turawa sun daina tsoron Kwara, kamfanin George Goldie ya haɗiye kasuwancin kogin yana korar 'yan kasuwa baƙaƙe, a Turai kuma ra'ayin cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba ya sami gindin zama har cikin coci. Da aka sami jirgin mishan a 1878, sai aka damƙa shi da harkar kuɗi a hannun wani Bature wanda ba limami ba ne. A 1880 aka rubuta rahoto mai cike da zarge-zarge a kan ma'aikatan bishop, ba a kuwa ba waɗanda ake zargi damar ganinsa su kare kansu ba. A shekarar ce kuma matarsa Susan ta rasu.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk zargin ne ƙarya ba. Albashin ma'aikatan kaɗan ne, wasu sun shiga kasuwanci, wasu sun yi abin kunya, kuma a Anaca an taɓa dukan wata yarinya har ta mutu a hannun mutanen mishan, abin da ya kai ga shari'a da ɗauri. Crowther yana zaune a Ikko, sai lokacin da ruwa ya cika yake iya zagayawa, kuma mutum ne mai saurin yafiya, mai son ba wa mai laifi dama ta biyu. A ganina wannan rauni ne a shugaba, ko da yake na fahimci inda ya samo shi. Amma gyara daban, wulaƙanci daban.

A 1890 wasu samarin mishan suka iso daga Ingila da zafin kai, cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke, mai shekara 25, da J. A. Robinson. Burinsu su kai bishara ƙasar Hausa. Suka sauka Lakwaja suka sa riga da rawani, suna cin abincin ƙasa, suna koyon Hausa. Ba na shakkar sadaukarwarsu. Abin takaici shi ne, masu sa tufafin baƙar fata ba su ga komai ba a aikin shekara 30 na baƙar fata sai ruɓa. Suka soke sunayen mutane daga rajistar coci, aka rufe makarantar horar da ma'aikata ta Lakwaja, aka sallami ko aka dakatar da mafi yawan limaman da bishop ya naɗa da hannunsa. A watan Agusta 1890, a taron kwamitin kuɗi a Anaca, wanda bishop ne shugabansa, sakataren kwamitin, F. N. Eden, ya dakatar da Dandeson daga aiki a gaban mahaifinsa, alhali ba shi da wannan iko. Dattijo mai shekara 80 da wani abu, wanda ya fara wannan aiki tun ba a haifi iyayen wasunsu ba, yana zaune yara suna ɗaga masa murya. Ya tashi ya ajiye shugabancin kwamitin.

A nawa ra'ayi wannan ita ce jarrabawa mafi tsanani a rayuwarsa, ta fi igiyar Osogun. Waɗanda suka kama shi yana yaro ba su taɓa ce masa ɗan'uwa ba. Waɗannan kuwa ƙungiyar da ta raine shi ce ta aiko su, littafi ɗaya suke karantawa, addu'a ɗaya suke yi. Duk wanda ya ba wa wata ma'aikata ƙuruciyarsa sannan aka nuna masa ƙofa da hannun yaron da bai kai ɗansa ba, ya san wannan ciwo. Ikko da Saliyo suka ɗauki zafi, wasu suka fice suka kafa cocin 'yan Afirka zalla a 1891, kuma da Crowther ya ɗaga yatsa da dubbai sun bi shi. Bai yi ba. Ya rubuta wa CMS ya bayyana matsayinsa ba zagi, ya nuna cewa in an ga bai iya ba a shirye yake ya bar wa wani ya tafi buɗe sabon wuri. Ya kuma goyi bayan cocin yankin Bonny su riƙe kansu da kuɗinsu da limamansu, amma ba tare da sun yanke zumunci da Cocin Angilika ba. Masana tarihi sun rabu a kan wannan: wasu na ganin haƙurinsa ya yi yawa, da ya yi faɗa tun 1880 da abin bai kai haka ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Sai dai ban ga alamar tsoro a mutumin da ya ƙi a biya fansarsa yana hannun Abokko ba. Abin da na gani shi ne mutum da ya rarrabe tsakanin Wanda yake bauta wa da waɗanda suke biyansa albashi, don haka da na biyun suka juya masa baya bai rasa na farkon ba.

Jiki dai ba ya ɗaukar abin da zuciya take ɗauka. A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Yana shirin tafiya Bonny don ƙaddamar da sabon tsarin a farkon 1892, sai ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Samarin nan ma ba su daɗe ba: Robinson ya riga shi rasuwa a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi a 1892, ba wanda ya taka Kano a cikinsu. Bature aka naɗa a gurbin Crowther, kuma sai a 1952 aka sake ba ɗan Nijeriya cikakken riƙon dayosis a cocin.

Dandeson, wanda aka dakatar a gaban mahaifinsa, shi ya jagoranci cocin yankin Bonny tun daga ƙaddamar da shi a watan Afrilu 1892, ya kuma yi ta aiki har ya rasu a 1938 yana da shekara fiye da 90. 'Yar bishop, Abigail, ita ce matar T. B. Macaulay wanda ya kafa makarantar CMS Grammar School ta Ikko a 1859, sakandare mafi daɗewa a Nijeriya, ɗansu kuma shi ne Herbert Macaulay da muka karanta a tarihin neman 'yancin kai. An binne Crowther a maƙabartar Ajele. A 1971 gwamnatin Jihar Legas ta yanke shawarar tashin maƙabartar, daga baya aka mayar da ƙasusuwansa harabar babbar majami'ar Angilika da ke Marina. A watan Yuni 2014, da naɗinsa ya cika shekara 150, Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi, ya amsa a bainar jama'a cewa cocin ta zalunci Crowther, ya nemi gafara. Shekara 122 ke nan da rabi bayan an rufe shi.